Bille a Kuncin Dama: Neman Yaya Haruna Har Fatakwal

Litinin: Kukar Bawa zuwa Zariya

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, ina sallame salla, na rataya jakata na fito. Malam Garba hedimasta ne ya ce in rubuta yadda tafiyar nan ta kasance, a ajiye a ɗakin tarihin garinmu. To ga shi na rubuta. Amma ku sani ni Bala Tela ne na bakin kasuwa, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, alƙalami ba keken ɗinki ba ne.

Bari in faɗi abin da ya tashe ni. Shekara guda bayan samun mulkin kai, Malam Garba ya matsa wa hakimi har aka ba shi wani ɗaki kusa da makaranta, wai za a tara kayan mutanen da. Aka kawo takubba masu tsatsa, da tsohuwar masaƙa, da zabirar Audu Bahago, wanzamin unguwarmu da ya rasu tun ina ƙarami. Ni dariya na yi, na ce tarkacen da muke neman inda za mu zubar ne suka samu ɗaki. Babban aikin shi ne allon katako mai faɗin bango, inda za a rubuta salsalar kowane gida da fenti. Wanda ya bar zuriya a ja masa layi zuwa ƙasa. Wanda bai bari ba a yi ɗan zobe a ƙarƙashin sunansa, an rufe ke nan.

Ranar da Malam Garba ya zo zaurenmu yana karanta namu, sai ya iso kan Yaya Haruna, ɗan wan babana, wanda ya bi shanu Kudu shekara ashirin da takwas da suka wuce, ko duriyarsa ba a sake ji ba. Ya ce, "Wannan kam sai zobe." Ashe Inna, mahaifiyar Haruna, tana bayan ƙofa. Shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai kuma ya rayu cikin shida da ta haifa. Kun san kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu: tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko fatake ba ta iya tambaya labarinsa. Muryarta kawai muka ji: "Malam, kada a rufe." Tun daga ranar ta daina cin abin kirki. Malam Garba ya ce mai fenti zai iso kan gidanmu nan da kwana goma sha biyu, in akwai magana a kawo kafin nan.

Sai na ce ni zan je nemansa. Da asubar tafiyar, a soro na tarar da Inna tsaye, ta dafa bango. Ta miƙo mini wani ƙulli a tsumma, warin daddawa ya buge ni. Ta ce, "Ungo. In ka ga mutumin."

Na ce, "In ban gan shi ba fa, Inna?"

Ta juya ta koma ɗakinta.

Motar gyaɗa na hau, sule uku, mil talatin da biyu zuwa Zariya. Mun isa tara saura ashirin. Jirgin Fatakwal ya tashi sha ɗaya da minti ashirin, ni ina tarago na talakawa, a matse tsakanin wani soja da buhun barkono.

Talata: Inugu

Ba mu wuce Kaduna ba daddawar nan ta fara jawo mini magana. Wata mata 'yar Kafancan mai aikin asibiti ta toshe hanci ta ce, "Malam, me ya mutu a jakarka?" Na ce mata abin da ke sa miyarsu daɗi ne, in ba ta so ta sauka ta bi jirgin da ƙafa. Aka yi dariya, ita ma ta yi, har ta ba ni dafaffiyar gyaɗa. Da safe muka haye gadar Makurɗi, na ga ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, na kama salati da ƙarfi har sojan nan ya ce in sassauta. Daga nan ƙasa ta canza: ja wur, ga itatuwan kwakwar manja, ga ruwan sama ba sallama.

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma muka shiga Inugu. Na tambayi wani mai tsire a bakin tasha inda Hausawa suke, ya nuna mini motar unguwar Abakpa, taro biyu. Aka kai ni gidan sarkin zango. Dattijo ne mai gaisuwa irin ta da, sai da ya tambaye ni gida, da damina, da gajiya, da mutanen da bai taɓa gani ba, sannan ya bar ni na fito da takardata. Malam Garba ne ya rubuta mini ita da boko da ajami: Haruna ɗan Isa, Kukar Bawa, ƙasar Zazzau, mai shanu.

Sarkin zango ya ce, "Haruna mai shanu? Yanzu haka in na ɗaga murya bakwai za su amsa." Aka ba ni ɗaki da tabarma, aka kawo doya da miyar manja. Na ci don yunwa, ba don ta yi mini ba.

Laraba: littafin liman

Bayan hantsi aka kai ni wurin liman. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya gada wurin limamin da ya gabace shi, duk baƙon da ya mutu a zango ana rubuta sunansa da garinsa, saboda irin ranar da dangi za su zo nema. Ya lashi yatsa yana buɗewa. Sai ya tsaya. Ya karanta: Haruna, Bazazzagi, mai shanu, zazzaɓi. Shekara goma sha tara da suka wuce.

Wallahi fuskar Inna kawai nake gani. Na ce shi ke nan, Malam Garba ya samu zobensa.

Liman ya ce in dakata, wanda ya yi wa gawar wanka yana nan da ransa. Aka kira shi, wani tsohon mahauci ana ce masa Baba Na'iya, kurma ne rabi da rabi, sai da na yi ta ihu. Ya ce ya tuna, dogo ne baƙi. Na ce namu ma dogo ne, haka aka ce mini, ni shekarata bakwai ya tafi. Ya ce yana da bille. Na ce namu ma yana da shi, irin nawa. Ya matso ya ƙura mini ido, ya ce, "A'a. Naka a dama yake. Na wancan a hagu, irin na kowa. Ni na wanke fuskar da hannuna."

Na shafa kuncina. Shekara talatin da biyar ina yawo da abin nan ban taɓa kula ba. Wanzaman ƙasarmu a kuncin hagu suke tsaga bille, amma Audu Bahago da hannun hagu yake riƙe aska, ya ce ta dama ta fi masa sauƙi, kuma ba wanda ya isa ya gyara masa. Duk wanda aka haifa a unguwarmu a zamaninsa haka yake. Na yi wata ajiyar zuciya har liman ya yi murmushi. Allah ya jiƙan wancan Harunan, amma ba namu ba ne. Baba Na'iya ya ce a shekarun nan masu shanun Zazzau da yawa Anaca suka zarce, in je can in nemi wani fatoma Alhaji Maikano.

Alhamis: Anaca

Ƙarfe bakwai daidai motar katako ta tashi, sule biyar, mil sittin da 'yan kai. Fitowa daga Inugu akwai wani tsauni da hanya take nannaɗe shi, gefe ɗaya rami ba a ganin ƙarshensa. Direban Inyamuri ne, ya ji Hausa ras, a Jos ya girma. Ya waiwayo ya ce, "Malam, rufe idonka, ni ma haka nake yi." Na ce masa in ya sake irin wannan wasan zan sauka in kai ƙararsa wurin uwarsa. A mahaɗar da ake kira Mil Tara 'yan sanda suka tsai da mu, suka duba lasin, suka ƙirga kawuna, muka wuce. Mun tsaya a Oka na sayi ayaba ta kwabo biyu. Sha ɗaya da rabi muna Anaca.

Kai, Anaca kasuwa ce da aka yi wa gari a gefe. Na sha tambaya kafin in samu gidan Alhaji Maikano a bakin kogi, kusa da inda jirgin fito yake sauke shanu. Fatoma ne, wato masu shanu a gidansa suke sauka, shi yake haɗa su da masu saye. Bai ko dubi takardata ba, ya ce shi ba ya riƙe suna, shanu yake riƙewa. Na nuna masa kuncina. Ya ce, "Malam Bala, wa yake duba ko hagu ne ko dama? Mutum dai da bille." Raina ya ɓaci, na ce to a bar shi.

Uwargidansa ce ta cece ni, tana miƙo tuwo ta labule. Ta ce, "Alhaji, ba yaron nan ba ne da bijimi ya soka a cinya, ya yi wata uku a ɗakin baya? Kullum maganarsa kukar garinsu. Wanda ya auri 'yar matar da ke wanke masa raunin?" Alhaji ya tafa hannu ya ce shi ne kuwa. Ya auri 'yar garin nan, ta musulunta, suka yi Fatakwal tun kafin a gama yaƙin Turawa. Tun daga nan bai sake jin labarinsa ba. Tuwon masara ne da miyar kuka, ranar na ci har na nemi ƙari.

Juma'a da Asabar: Fatakwal

Mun bar Anaca shida da rabi, muka bi ta Awere da Aba, mil ɗari da kusan arba'in, sule tara. Ruwa ya dake mu tun daga Awere, tamfol ɗin motar kuma duk huda. Na cusa ƙullin Inna cikin rigata don kada ya jiƙe, na isa Fatakwal ƙarfe uku ina wari kamar tukunyar miya. Juma'a ma ta wuce ni. Na sauka a Mayil Tiri, unguwar Diyobu, wani mahauci Bakatsine ya ba ni wurin kwana.

Asabar tun safe na fara. Na je mayanka, na je turken shanu, na bi rumfunan mahauta ɗaya bayan ɗaya. Haruna ɗan Isa, mai ɗingishi, bille a dama, matarsa 'yar Anaca. Aka kawo mini Haruna huɗu. Ɗaya Bagobiri, ɗaya ma bai kai ni shekaru ba. Samarin da aka haifa a can kuwa in ka yi musu Hausa sai su amsa maka rabi da turancin buroka, ka rasa ko gaishe ka suke ko zagi. Wani ya ce mini mutane da yawa sun bi jirgin ruwa zuwa wani tsibiri a teku da ake kira Fanya, aikin gona, ba su dawo ba. Da la'asar ƙafata ta kumbura, na zauna a bakin kwata na ƙirga kwanaki. Shida sun tafi, jirgi kuma kwana biyu yake ci. Na yanke cewa ran Litinin zan juya, in je in ce wa Inna bai mutu a Inugu ba, bai mutu a Anaca ba, iyakar abin da na sani ke nan. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Lahadi: wurin aski

Da hantsi na ce bari in yi aski, kada in shiga gida kamar mahaukaci. Akwai wani tsohon wanzami ƙarƙashin mangwaro a bayan tashar Mayil Tiri, Sarkin Aska ake ce masa. Na zauna, ya jiƙa mini kai, ya kama haɓata ya juya fuskata. Sai ya tsaya da askar a sama.

Ya ce, "Wane bahagon ne ya yi maka wannan?"

Na ce, "Ka san shi ne?"

Ya ce, "Ban san shi ba, amma na san hannunsa, har na taɓa kwaikwayonsa sau uku ba da son raina ba. Wani mutum ya kira ni ranar sunan 'yarsa, na ɗora aska a hagu, ya riƙe mini hannu. Ya ce a dama, irin nasa. Na ce ba haka ake yi ba. Ya ce in ba zan yi ba zai nemi wani, yana so duk ranar da yarinyar ta je garinsu a gane ta tun daga bakin ƙofa. Haka ya sa ni na yi wa ƙannenta maza biyu."

Na miƙe zumbur da rabin kai a aske. "Yana da rai?"

"Jiya ma na gan shi. Baba Mai Albasa, a kasuwar Kirik Rod. Zauna in ƙarasa, haka za ka shiga gari?"

Ku ji wautata. Kwana biyu ina neman mai shanu, mutumin da ya bar shanu shekara ashirin. Ina yawo da takarda, alhali duk yaron da aka haifa a unguwar nan ta hannun wanzami ya bi. Ban taɓa jin aski ya yi tsawo irin na ran nan ba.

Kasuwar Kirik Rod

Mil uku ne, na shiga tasi, ban ko yi ciniki ba. Kasuwar a bakin ruwa take, kwale-kwale suna sauke kifi da itace. A layin albasa na ga wata matashiya da goyo tana yi wa mai saye Inyamuranci kamar ruwa. Ta juyo. Bille a dama. Na yi sallama, ta amsa da Hausa, ta dubi kuncina, sai ta saki mudun da ke hannunta ta ce, "Baba! Baba, fito ka ga!"

Ya fito daga bayan buhuna yana jan ƙafa. Dogo, furfura ta cinye gemun, amma goshin babansa ne sak. Na durƙusa na ce, "Yaya, Bala ne, ɗan Mamman."

Ya ce, "Bala mai kukan tsiya?" Ya ɗaga ni ya rungume, muka yi ta kuka a tsakiyar albasa, ba mai cewa ga dalili.

Da muka zauna ya fara tambaya. Kukar tana nan? Rijiyar masallaci fa? Wane ne hakimi yanzu? Na faɗa masa babansa ya rasu shekara goma sha ɗaya. Ya yi masa addu'a. Sannan ya gaya mini abin da ba wanda ya sani a gida: da ya yi aure ya aika da saƙo ta hannun wani bafatake, babansa ya aiko cewa tunda ya auri bare kada ya sake tako masa gida. Tsohon bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna. Ya ci gaba da tambaya, ya tambayi makwabta, ya tambayi har jakin gidanmu. Mutum ɗaya ce bai tambaya ba. Na gane tsoron amsar yake ji.

Na ciro ƙullin na ajiye masa a cinya. Ya kwance, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Wa ka sani yana sa citta a daddawa? Sati biyu da suka wuce ta yi ta. Ta ce in na ga mutumin."

Ya kifa fuskarsa cikin tsumman. 'Yarsa, wadda kowa a kasuwar ke kira Mama, ta tsaya tana kallonmu. Na tambaye ta sunanta na yanka. Ta ce Rakiya. Sunan Inna ke nan, shi ya sa uban bai taɓa kiranta da shi ba.

Komawa gida

Matarsa Hajara, 'yar Anacan nan, mace mai kirki, ita ta haɗa masa kaya da kanta, ta ce ita da samarin za su kula da rumfa, in ya dawo da izini su ma za su zo. Litinin ƙarfe takwas na safe muka hau jirgi, ni da Yaya da Mama da goyonta. Wannan karon na haye gadar Makurɗi ina cin rake. Laraba da hantsi muna Zariya, azahar muna Kukar Bawa, kwana goma cif.

Inna tana tsakar gida a kan tabarma, ta rame ƙwarai. Yaya ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ba ta dube shi ba. Ta kalli bango ta ce, "Bala, a ba baƙo ruwa." Sai Mama ta shigo. Inna ta dubi kuncinta, ta miƙa hannu ta shafa. Na ce, "Inna, takwararki ce." A nan ne ta riƙe yarinyar ta fashe da kuka, duk wanda ke gidan ya gane kukan na wane ne. Da yamma ta ci tuwo malmala biyu, ni na ƙirga.

Ran Juma'a mai fenti ya iso kan gidanmu. Malam Garba ya so ya ce maza kawai ake sawa, na ce masa ya je Fatakwal da ƙafarsa ya dawo sannan mu yi wannan maganar. Aka ja layi ƙarƙashin Haruna, aka rubuta Rakiya da ƙannenta biyu. Inna ta ce a kai ta. Muka riƙe ta har ɗakin. Ba ta karatu, ta tsaya gaban allon ta ce mini a hankali, "Ina yake?" Na kama yatsanta na ɗora a kan sunan. Fentin bai bushe ba. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa limamin Abakpa da Baba Na'iya, da uwargidan Alhaji Maikano, da Sarkin Aska na Mayil Tiri, Allah ya saka musu. Audu Bahago kuma, wanda na kira zabirarsa tarkace, Allah ya kai haske kabarinsa, na janye maganata. In kun shiga ɗakin tarihi za ku ga sunan Haruna ya ɗan dame a tsakiya. Malam Garba ya ce a sake shafe shi da fenti. Na ce masa duk wanda ya taɓa wurin nan, ni da shi ne.